Manhajar karanta hotunan asibiti: inda ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe

Idan lokacin kare kundin kammala karatu ya zo a Yamai, ba a rasa ɗalibin kwamfuta da zai fito da aiki mai babban suna: manhajar da za ta duba radiyon ƙirji ta gane tarin fuka, ko ta leƙa jini ta gano masassarar cizon sauro. A shafin ƙarshe kuma ga lamba tana sheƙi, kashi 98 ko 99 cikin ɗari. Kayan aikin sun yi araha. Tun 2012, da masu bincike na jami'ar Toronto suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da manhajarsu AlexNet, dabarar koyo mai zurfi ta mamaye aikin gane hoto, a 2015 kuma wata manhaja mai suna U-Net ta fito daga Jamus ta sauƙaƙa zana iyakar ƙari ko gaɓa a cikin hoton likita. Yau mai laftof da ɗan intanet zai buɗe Colab, shafin Google na horar da manhaja, ya sauko da hotuna daga Kaggle, rumbun bayanai na intanet, kafin la'asar ya horar da manhaja. Wahalar tana wajen sanin ko lambar nan gaskiya ta faɗa, kuma a mafi yawan ayyukan farko ba ta faɗa ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa yana faruwa tun ba a fara horo ba, wajen rabon hotuna. An saba a ware kashi 80 na horo, 20 na jarrabawa, a bar kwamfuta ta cakuɗa ta raba yadda ta ga dama. Ga hotunan motoci wannan ba laifi. A asibiti kuwa mutum ɗaya yakan yi hoto sau da yawa. Tarin hotunan ChestX-ray14 da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta saki a 2017 yana da hoto 112,120, amma na majinyata 30,805 ne kawai. Idan aka raba bisa hoto, radiyon da mutum ya yi ranar Litinin sai ya faɗa cikin horo, na ranar Alhamis ya faɗa cikin jarrabawa. Manhaja ta riga ta san siffar haƙarƙarinsa da karkatar kafaɗarsa, don haka mutumin take ganewa, makin kuma ya hau. Manya ma sun faɗa wannan ramin: takardar farko ta CheXNet, manhajar gane ciwon nimoniya daga jami'ar Stanford, a 2017 haka ta raba hotunanta, sai daga baya aka gyara. Maganin ba ya cin ko dala. A raba bisa lambar majinyaci, duk hotunan mutum ɗaya su tafi gefe guda. Idan za a ƙara yawan hotuna ta hanyar karkata su ko sauya haskensu, sai bayan an raba, kuma a ɓangaren horo kaɗai. Hotunan jarrabawa a kulle su, kada a taɓa sai ranar ƙarshe. Wanda ke komawa kansu kullum yana gyara manhajarsa har maki ya yi masa daɗi, ya riga ya mai da su hotunan horo. Don wannan gyare-gyaren ne ake ware kashi na uku.

Na biyun ya fi wuyar kamawa, gara mu daɗe a kansa. Manhaja ba ta san huhu ba, ba ta san cuta ba. Abin da ya fi sauƙin bambanta rukunin hotuna biyu shi take kamawa, kamar dillalin da ke yi wa rago kuɗi da ganin igiyar wuyansa. A 2018 wasu masu bincike sun horar da manhajar gane ciwon nimoniya da hotunan asibitin Mount Sinai na New York da na NIH. Sai aka tarar tana iya faɗin asibitin da hoto ya fito kusan ba kuskure, har ta ɗan ƙarfen alamar hagu ko dama da mai ɗaukar hoto ke ɗorawa a kusurwa. Da yake masu nimoniya sun kai kusan ɗaya cikin uku a hotunan asibitin farko, a na biyun kuwa kusan ɗaya cikin ɗari, gane asibitin kawai ya isa ya ba ta maki mai kyau. Da aka kai ta wani asibiti, sai ƙoƙarinta ya ragu. Haka aka gani a cutar da iska ke taruwa a ƙirji ta matse huhu: manhaja ta fi ƙwarewa a hotunan da ke da robar zuƙe iskar, wato majinyatan da likita ya riga ya gano ya yi musu magani. Lokacin korona abin ya ƙazanta. Masu bincike daga Kambirij sun tace ayyuka 62 a 2021, ba su sami ko ɗaya da ya cancanci shiga asibiti ba, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka ɗauki hotunan ƙananan yara a matsayin marasa korona, na manya a matsayin masu ita. Babba da yaro manhajar ta koyi bambantawa.

A nan gida ga yadda yake zuwa. Ɗalibi ya sauko da hotunan masu lafiya daga intanet, tsaf-tsaf, baƙi da fari. Na masu tarin fuka kuwa ya je wani asibiti, aka ba shi fina-finan radiyo, ya riƙa ɗaga su a taga yana ɗauka da waya. Duba hoton da kyau: ga ƙarfen taga ya gitta ta bayan huhun dama, ga yatsa a gefe, ga hasken rana ya sa fim ɗin ya yi shuɗi-shuɗi, ga rubutun alƙalami a ƙasa. Ko ɗan shekara biyar zai raba rukunan nan biyu. Manhaja za ta ba da 99, kuma ba ta kalli huhu ba ko sau ɗaya.

Akwai gwaji biyu da nake so kowane malami mai duba kundi ya nema. Na farko, a shafe huhun gaba ɗaya da baƙi a bar gefuna, a sake horarwa. In maki bai faɗi warwas ba, to a gefunan amsar take. Na biyu, a fito da taswirar launi irin ta Grad-CAM wadda ke nuna inda manhaja ta zuba ido, a nuna wa likitan radiyo hotuna da yawa, ba guda uku masu kyau da aka zaɓo don a burge alƙalai ba. Taswirar ba hujja ba ce cewa aiki ya yi, amma tana tona asiri idan ja ya taru a kusurwar hoto. Tushen gyaran dai shi ne masu cutar da marasa ita su fito daga na'ura ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya.

Sai batun lambar kanta. A ce an tara mutum 1,000, goma ne ke da tarin fuka. Manhajar da ta ce kowa lafiyarsa lau ta yi daidai kashi 99, ba ta kama ko mutum ɗaya ba. Tambayoyi biyu ne likita ke bukata: cikin masu cutar nawa ta kama, cikin marasa cutar nawa ta wanke? Ko da ta samu 90 a kowanne, a taron nan za ta kama tara daga cikin goman, ta kuma ɗora wa lafiyayyu 99 zargi. Mutum 108 za a tura gwajin majina na GeneXpert, tara ne kawai masu cutar. Wannan ba ya nufin manhajar banza ce, aikin tacewa haka yake. Amma wanda ya horar da ita da rabi masu cuta rabi lafiyayyu, ya kuma rubuta sakamakon kamar haka jama'a take, ya ɓoye wa asibiti yawan aikin da zai faɗo masa.

Wa ya ce hoton nan na mai cuta ne? Tambayar da ba a cika yi ba ke nan. Alamomin ChestX-ray14 manhaja ce ta tsamo su daga rubutattun rahotanni, ba likita ne ya zauna ya sake duba kowane hoto ba, kuma akwai kuskure a ciki. Ga tarin fuka, shaidar da ake dogara da ita gwajin majina ne. In ido za a dogara da shi, likita biyu su duba kowa shi kaɗai, na uku ya raba gardama, aƙalla a hotunan jarrabawa.

Masu aikin masassara suna da nasu tarkon. Hotunan da kowa ke saukowa da su, ƙwayoyin jini 27,558 na NIH, an ɗauke su ne a wani asibiti a Chittagong ta Bangaladash, daga siririn shafin jini, an kuma yanko kowace ƙwaya ita kaɗai, rabi masu cuta rabi lafiyayyu. Shiga ɗakin gwaji a Tawa cikin watan Satumba ka gani. Kaurin ɗigon jini aka fi yi, wanda jajayen ƙwayoyin ke fashewa a cikinsa, babu wata ƙwaya da za a yanko. Ruwan da aka dama rinin Giemsa da shi yana sauya launi daga wuri zuwa wuri, gilashin wani lokaci wankakke ne mai ƙarce, gurbin rini yana barin ɗige-ɗigen da ke kama da ƙwayar cutar, da hunturu kuma ƙura ta ƙara nata. Ga masu sikila, waɗanda siffar jininsu daban take, kuma ba kaɗan ba ne a ƙasar nan. A fara da hotunan waje ba laifi, suna rage wahala. Amma a ƙarasa horon da namu, a yi jarrabawar da namu, daga ɗakin gwajin da manhajar ba ta taɓa gani ba. Hoto ɗari biyar na gida da ƙwararren mai duba jini ya tantance sun fi amfani a wannan matakin.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata aiki shiru. Hoton radiyo na asali yana zuwa a tsarin DICOM, mai matakan haske dubbai. Da an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, an matse shi ya koma JPEG mai mataki 256. Rage shi zuwa ɗigo 224 a kowane gefe, don haka aka saba da ImageNet, yana iya shafe ƙaramin tabo a saman huhu. Juya hoton ƙirji hagu ya koma dama kuwa yana kai zuciya inda ba ta zama, sai a yi tunani kafin a kwafi wannan dabarar daga aikin wani.

Sunan majinyaci fa? Yana cikin bayanan DICOM, sau da yawa kuma a rubuce yake a jikin hoton, musamman na eko. Goge sunan fayil bai isa ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma aikin bincike yana bukatar izinin kwamitin ɗa'a. "Malam, ai wani yayana ne ke aiki a can ya turo mini" ba izini ba ne, kuma ɗora irin waɗannan hotuna a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke baje aikinsu, tona asirin marar lafiya ne.

Na ƙarshe yana bayyana ne ranar da manhaja ta bar laftof ta shiga asibiti. Google ta gwada manhajarta ta duba idon masu ciwon suga a asibitoci 11 a Tailan, rahoton ya fito a 2020. Manhajar ta ƙi karɓar kusan hoto ɗaya cikin biyar, galibi don hasken ɗakunan bai dace ba, jinkirin intanet kuma ya tsayar da layin majinyata. Mu da kuran ke ɗaukewa a tsakiyar zafin Afrilu, manhajar da sai ta aika hoto waje kafin ta amsa ba za ta kai Abalak ko Cintabaraden ba. Tun farko a zaɓi ƙarama wadda za ta yi aiki a waya ko ƙaramar kwamfuta ba tare da intanet ba, a koya mata ta ce hoto bai yi ba a sake ɗauka, a kuma tsara abin da ma'aikacin jinya zai yi idan ta ce haka.

Ko manhajojin kasuwa ba a ɗaukarsu yadda suka zo. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irinsu wajen tace masu tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama, irin su CAD4TB da qXR da Lunit. Maki suke bayarwa, kuma shawarar hukumar ita ce kowane shiri ya gwada a jama'arsa kafin ya tsai da makin da za a tura mutum gwajin majina daga kansa. Tabon tsohon tarin fuka yana ɗaga maki, haka ma huhun da ƙurar dutse ta ci, irin na masu haƙar zinariya a Komabangu ko Jado. Makin da ya dace da masu zuwa asibiti a Yamai da tari sai an sake auna shi kafin a kai shi wurin haƙa, kuma duk lokacin da aka sauya na'urar radiyo ko kamfani ya fito da sabuwar sigar manhajar, a sake awon daga farko.