Yadda za ka gane aikin jaruminka a kowane bugu na Dungeons & Dragons

Duk wanda ya ɗan jima yana wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur da kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya cikin ayari, jagoran wasa yana ba da labari, ana jefa dayis don sanin sakamako) ya san cewa sunayen rukunan jarumai ba su cika sauyawa ba. Mayaƙi da matsafi da firist suna nan tun akwatin farko da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ɓarawo kuma ya biyo bayansu a 1975 cikin ƙaramin littafin Greyhawk. Abin da ya riƙa sauyawa daga bugu zuwa bugu shi ne aikin da ayari yake jira kowannensu ya yi, kuma a nan ne ɗan wasan da ya saba da bugu ɗaya yakan yi tuntuɓe idan ya zauna a teburin wani bugun, domin sai ya ɗauki takardar ɓarawo yana zaton aikinsa sara da suka ne, alhali littafin da ke gabansa ya ajiye shi ne don buɗe makullai. Saboda haka, kafin ka jefa dayis na farko, akwai abubuwan da ya kamata ka buɗe littafin dokoki ka duba.

Fara da neman shafin da ya faɗi abin da ke kawo makin ƙwarewa, wato makin da jarumi ke tarawa don hawa mataki na gaba, domin shi ne yake nuna maka abin da wasan yake so a yi. A bugun 1974 da kuma Advanced Dungeons & Dragons, wanda littafin 'yan wasansa ya fito a 1978, kusan kowane tsabar zinare ɗaya da ayari ya fito da shi daga kogon ƙarƙashin ƙasa maki ɗaya ne, kuma dukiya ta fi kisan dodanni kawo maki nesa ba kusa ba. Idan haka tsarin yake, faɗa asara ce da ake kauce mata gwargwadon hali, kuma jarumin da ya iya sanɗa ko ya iya yaudarar mai gadi ya fi mai ƙarfin damtse amfani a lokuta da yawa. Bugu na biyu na 1989 ya mayar da makin zinare abin zaɓi, bugu na uku na 2000 kuwa ya kawar da shi ya ɗora makin a kan cin galabar abokan gaba da ƙalubale. Daga wannan lokaci ya zama dole kowane rukuni ya sami abin yi a fagen fama, kuma yawancin sauye-sauyen da za ka gani a gaba daga nan suka samo asali.

Bayan wannan, duba abin da rukuninka kaɗai yake iyawa, kuma babu misalin da ya kai ɓarawo bayyana wannan. A littafin 1978, ɓarawo ɗan mataki na farko yana da kashi 25 cikin ɗari na buɗe makulli, kashi 20 na gano tarko ko kwance shi, kashi 15 na tafiya ba sauti, kashi 10 na ɓuya a inuwa, sai hawan bango da yake da kashi 85. Ka ɗauka ayari ya iso wata ƙofar ƙarfe, fitila tana neman mutuwa, kowa ya ja da baya ya bar ɓarawo ya durƙusa da 'yan ƙarafansa. A cikin gwaji huɗu, sau uku zai miƙe ne yana kaɗa kai. Duk da haka ba a fita ba tare da shi ba, domin mayaƙi da matsafi da firist ba su da waɗannan kason a takardunsu. Idan irin wannan ɓarawon kake riƙe da shi, dabara ita ce ka rage dogaro da dayis, ka riƙa yi wa jagoran wasa bayanin inda ka taɓa da sanda da inda ka leƙa, ka kuma guji tsayawa a sahun gaba, domin sukar bayan da ke ninka raunin da kake yi tana bukatar ka zo wa abokin gaba ta baya bai sani ba, abin da bai cika samuwa fiye da sau ɗaya a faɗa guda ba.

Bugu na biyu ya ɗan sassauta, ya ba ɓarawo maki 60 a matakin farko ya raba su yadda ya ga dama a kan dabarunsa, sannan 30 a kowane mataki na gaba, don haka sai ka yanke shawara tun farko ko mai buɗe makulli kake so ko mai sanɗa. Babban sauyin ya zo ne a bugu na uku, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ke buga wasan tun farko, a 1997. An sauya wa rukunin suna zuwa wanda ma'anarsa ta fi kusa da tantiri, an buɗe tsarin dabaru ga kowa, ko da yake shi yana samun maki takwas a kowane mataki mayaƙi yana samun biyu, sannan aka ba shi harin ba-zata da ke ƙara dayis mai fuska shida duk lokacin da shi da abokinsa suka sa abokin gaba a tsakiya. A wannan bugun ka lura cewa harin ba ya tasiri a kan matattu masu tafiya, saboda haka idan jagora ya ce labarinsa a maƙabarta zai gudana, ka tanadi wata hanyar. A bugu na huɗu littafin ya fito fili ya kira shi mai kai farmaki, a bugu na biyar kuma ko mayaƙi zai iya koyon kayan buɗe makulli ta hanyar tarihin rayuwar da aka zaɓa masa. Wanda ya fara a matsayin ma'aikacin ƙofa ya ƙare yana cikin masu yi wa abokan gaba rauni mafi yawa a ayari.

Abu na gaba shi ne ka gano sau nawa ikonka yake dawowa, kuma wannan ya fi shafar matsafi. A tsohon bugu, matsafi ɗan mataki na farko yana da tsafi guda ɗaya a yini, makin ransa, wato yawan raunin da zai iya jurewa, jifar dayis mai fuska huɗu ce, ba ya sa sulke, makaminsa wuƙa ko sanda ko 'yan ƙananan mashi na jifa, kuma yana bukatar maki 2,500 kafin ya hau mataki na biyu, alhali ɓarawo 1,250 yake bukata. Idan tsafin sa barci ya haddace, zai iya kwantar da ƙananan dodanni huɗu zuwa goma sha shida nan take, amma daga nan ya gama aikinsa na yini, sai riƙe fitila da zana taswira. Wasa da irin wannan jarumin haƙuri ne da sanin lokacin da ya dace a saki abin da ke hannu. Ladan haƙurin yana zuwa a manyan matakai, inda matsafi yake wuce kowa, kuma a bugu na uku da gyaransa na 2003 tazarar ta yi yawa har masu riƙe da mayaƙa suka riƙa ƙorafi. Bugu na huɗu na 2008 ya raba ikon kowa da kowa zuwa wanda ake yi kullum, da na sau ɗaya a faɗa, da na sau ɗaya a yini, bugu na biyar na 2014 kuma ya bar ƙananan tsafe-tsafe marasa ƙarewa, amma ya sa dokar cewa manyan tsafe-tsafe masu ɗorewa ɗaya kawai ake riƙewa a lokaci guda. A waɗannan biyun, matsafin da ya noƙe a baya yana tattalin ƙarfinsa yana cutar ayari ne kawai.

Game da firist, tambayar ita ce yadda rauni yake warkewa idan ba shi. A littafin 1978 hutun yini guda maki ɗaya yake mayarwa, don haka duk abin da firist ya haddace na warkarwa ne ko yana so ko ba ya so. A akwatin 1974 ma ba shi da addu'a ko ɗaya a matakin farko, sai sulke da gulma da ikon korar matattu. Bugu na uku ya ba shi damar haddace abin da ya ga dama sannan ya juya shi zuwa warkarwa idan bukata ta taso. Bugu na huɗu ya sa kowane jarumi yana ɗauke da nasa tanadin warkewa, firist ko sarkin yaƙi yana zaburar da shi ne kawai yayin da shi ma yake kai nasa harin. A bugu na biyar hutun awa takwas yana mayar da makin rai gaba ɗaya, mawaƙi da barde da maharbi duk suna warkarwa, saboda haka ba a tilasta wa kowa ɗaukar firist don kawai babu mai so.

Mayaƙi ya fi kowa kama da wanda bai sauya ba, amma ka duba abu biyu. Na farko, a tsohon bugu idan ya kai mataki na tara yana iya gina ganuwa ya tara dakaru, wato ƙarshen tafiyarsa sarauta ce, kuma wannan ya ɓace daga rukunin tun bugu na uku, aka musanya shi da ƙarin gwanintar yaƙi. Na biyu, ka duba ko akwai dokar da ke hana abokin gaba wuce ka. A da, faɗin lungu ne yake yi maka wannan aikin, mayaƙa biyu ko uku su tsaya kafaɗa da kafaɗa su toshe hanya. Bugu na huɗu, wanda ya rubuta ayyuka huɗu ɓaro-ɓaro, wato mai tsaro da mai kai farmaki da jagora da mai sarrafa fili, ya ba mayaƙi ikon sa wa abokin gaba alama, ta yadda idan ya kai wa wani hari za a rage maki biyu daga jifar dayis ɗinsa ta harin, mayaƙin kuma ya sare shi. Mutane da yawa sun ƙi wannan bugun suna cewa ya yi kama da wasan kwamfuta, wasu ma suka koma Pathfinder da kamfanin Paizo ya fitar a 2009, amma a ganina babu bugun da ya kai shi faɗa wa sabon ɗan wasa gaskiyar abin da ake nema daga gare shi. A bugu na biyar an cire waɗannan sunayen, tsaron abokai ya koma abin da sai ka zaɓa da gangan ta salon faɗa ko gwaninta ta musamman.

A bugu na biyar ɗin, reshen rukuni ya fi sunan rukuni nuna aiki, domin mayaƙi yana iya zama mai tsafi, tantiri ma haka, kuma gyaran 2024 ya mayar da zaɓen reshe mataki na uku ga kowa. Don haka a zaman farko, maimakon ka tambayi abokan wasa rukunin da suka ɗauka, tambaye su wa zai tsaya gaba, wa zai duba tarko, wa zai tayar da wanda ya faɗi. Idan kuma jagora ya ɗauko tsohon labari irin The Keep on the Borderlands na 1979 zai gudanar da shi da sababbin dokoki, ku tuna an rubuta shi ne don ayari mai yawan mutane da 'yan dako da sojojin haya, wanda ke shiga kogo ya kwashi abin da ya samu ya fice, don haka sai ya rage yawan dodannin kowane ɗaki ko ya bar muku ƙofar gudu a buɗe.