Darasi na 9: Daga jakar waje zuwa aljihun cikin ciki

Ileyostomi tiyata ce da ake fito da ƙarshen ƙaramin hanji ta fatar ciki, galibi a gefen dama ƙasa da cibiya. Bayan gida yana fita ta nan dare da rana, ba a iya riƙe shi, sai a manna jakar roba ta tare shi. A zafin Damagaram, watannin Afrilu da Mayu, gumi kan saki mannin jakar kafin lokacinta, ruwan hanji ya taɓa fata ya ci ta. Shi ya sa masu jaka ke yawan tambaya ko akwai hanyar rabuwa da ita.

Akwai, amma ba ta kowa ba ce. Ita ce aljihun ciki: aljihu ne da ake ɗinkawa da hanjin mutum a cikin cikinsa ya tara bayan gida, a riƙa zubar da shi da siririyar roba mai rami.

Wa ya dace da ita?

A ƙasarmu, da yawa daga masu ileyostomi zazzaɓin taifot ne ya huda musu hanji. Jakarsu ta wucin gadi ce. Babban hanjinsu da duburarsu suna nan lafiya, kuma bayan makonni ko ƴan watanni likita zai mayar da hanjin ya haɗe. In kai ne wannan, aljihun ciki ba naka ba ne. Abin da ke gabanka shi ne ka ci abinci ka yi ƙarfi, ka koma asibiti ranar da aka ba ka.

Aljihun ciki na wanda aka cire wa babban hanji da dubura gaba ɗaya ne, saboda ciwon gyambon babban hanji ko tsiron hanji na gado. Ba a cika yi wa mai cutar Kron, wani ciwon kumburin hanji, ba, don cutar kan kama aljihun. Haka mai ƙiba sosai, da wanda hanjinsa ya riga ya gajarce, da wanda ido ko hannu ba zai bar shi ya sa roba da kansa ba.

Yadda aka gina shi

Wani likitan ƙasar Suwidin, Nils Kock, shi ya fito da wannan aiki a 1969. Ana ɗaukar kamar santimita 45 na ƙarshen ƙaramin hanji. Da kamar 30 ake ɗinka aljihu. Sauran kuma a cusa wani sashensa cikin kansa, kamar yadda ake juya hannun riga, ya zama bawul mai tsawon kusan santimita 5. In aljihu ya cika, nauyin abin da ke ciki ne ke matse bawul ɗin ya rufe. A fata ba a ganin komai sai ƙaramin rami daidai da fata, wanda ake rufewa da ɗan bandeji.

Babbar tiyata ce, kuma cibiyoyin ƙwararru kaɗan ne ke yin ta, yawancinsu a Turai da Amurka. Matakin farko shi ne zama da likitan tiyata da ya san takardunka, a Babban Asibitin Zinder ko a Yamai. Muna roƙonka, kafin a yi maganar kuɗi da tafiya, ka yi wannan tambaya: in bawul ya lalace bayan na dawo gida, wa zai gyara? Bawul ɗin yakan buƙaci gyara da wata tiyata, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga masu aljihun.

Makonnin farko

Sabon aljihu ƙarami ne, bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Ana barin roba a ciki makonni uku zuwa huɗu tana zuba cikin jaka, don ɗinki ya warke ba tare da matsi ba. Ana wanke robar da ruwa kaɗan, kamar mililita 30, sau da yawa a yini don kada ta toshe. Daga nan a fara toshe ta na ɗan lokaci, ana ƙara tsawon lokacin sannu a hankali. Cikin watanni aljihun kan buɗe har ya ɗauki rabin lita, mutum ya koma zubarwa sau uku zuwa biyar a yini. Wanda ya yi gaggawar tsawaita lokaci, shi ne ke jawo wa bawul rauni.

Yadda ake zubarwa

Ka tanadi robar, wadda ma'aikatan lafiya ke ce wa sonde, mai lamba 28 ko 30, da man santsi na ruwa daga farmasi, da sirinji babba, da buta, da sabulu. Kada ka shafa basilin ko man shanu.

Wanke hannu da sabulu. Zauna kan kujera, ka sa bokiti a ƙasa tsakanin ƙafafu; wannan ya fi tsuguno a bakin masai, don tsuguno yana matse ciki. Shafa man a kan sonde. Saki cikinka, ka ja numfashi, ka tura a hankali. Bayan kamar santimita 5 za ka ji ɗan tsayawa, bawul ke nan. Ɗan ƙara turawa kaɗan, sai iska da ruwa su fara fita. In abin ya yi kauri, zuba ruwa mai ɗumi mililita 30 zuwa 50 da sirinji, ka bar shi ya dawo. Ɗan tari yana taimakawa. In ya ƙare, zare a hankali, wanke sonde ciki da waje, shanya ta, ka rufe ramin. Duka ba ya wuce minti goma.

Sonde ta biyu kada ta bar aljihun rigarka, ko kasuwar Dole za ka je.

Abinci

Ramukan sonde ƙanana ne. Gyaɗa, aya, goro, masara, ɓawon wake, zaren mangwaro da ganyen zogale da ba a tauna sosai ba duk suna toshe su. Tauna har abinci ya yi laushi. Kunu, fura mai laushi da tuwo da miyar kuka ba su cika ba da wahala ba. Tun da babu babban hanji, jiki yana asarar ruwa da gishiri da sauri. In zawo ya zo, haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka jiƙa ƙunshin SRO, wato garin gishiri da sukari na zawo. Maganar azumi kuwa, a yi ta da likita kafin watan ya kama.

Alamun matsala

In sonde ta fara wuyar shiga, ko bayan gida da iska suna fita da kansu, bawul ya zame daga wurinsa. In ta ƙi shiga, kada ka tura da ƙarfi, kana iya huda aljihun. Kwanta rigingine, ka huta, ka sake gwadawa da sabon mai. In sa'o'i sun wuce ba ta shiga ba, ciki ya kumbura ko amai ya zo, tafi asibiti a daren, ka riƙe takardar da ke bayanin irin tiyatarka.

Zawo mai yawa da murɗar ciki, zazzaɓi ko jini alamar kumburin aljihu ce. Likita kan ba da metronidazol ko siprofloksasin. Kada ka saye su a tebur.

Aiki

Malam Isa yana zubarwa duk bayan sa'a 4, daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 10 na dare. Sau nawa ya zubar? Rubuta kayan aiki biyar da zai tanada kafin ya fara.