Yadda za ka gane ko babban babur na tsere ya dace da kai, kai da ka fara koyon tuƙi

Ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, waya a hannu, yana nuna mini hoton wani babban babur na tsere, Yamaha R6, na hannu da aka sa a kasuwa. Ya ce, "Kawu, kuɗina sun kusa cika." Watansa huɗu kacal da iya hawa babur. Na ce masa ya zauna, kuma abin da na faɗa masa shi zan faɗa wa duk wani matashi a Damagaram da zuciyarsa ta kwanta a kan irin wannan babur: bai dace ya zama baburinka na farko ba. Amma kada ka tsaya a kan maganata, ga yadda za ka auna da kanka.

Fara da kwatanta ƙarfin injin. Babur mai 125 cc (cc ma'aunin girman inji ne), irin wanda 'yan kabu-kabu ke aiki da shi, ƙarfinsa bai wuce na doki 10 zuwa 11 ba. R6 yana da 599 cc da ƙarfin doki kusan 120. Babban wansa R1 yana da 998 cc da ƙarfin doki wajen 200, kuma a giya ta ɗaya kaɗai yana wuce kilomita 120 a awa. Ma'anar wannan tana hannunka na dama. Sabon direba in ya faɗa rami ko ya firgita, hannunsa kan murɗa totur ba da niyya ba. A kan ƙaramin babur, injin zai yi ƙara, ka ɗan zabura, ka gyara. A kan na tsere, kafin ka gane abin da ya faru tayar gaba ta bar ƙasa ko ta baya ta zame.

Sai gwajin nauyi, kuma wannan a kashe za ka yi shi. Ka sauke shi daga kan jak, ka tura babur ɗin gaba da baya, ka juya shi a cikin fili kamar faɗin zaure. Ka hau, ka ga ko ƙafafunka biyu suna taka ƙasa sosai. R6 ya kai kilo 190 da mai a ciki, kujerarsa tana da tsawo, kansa kuma ba ya karyawa sosai, don an ƙera shi ne domin filin tsere, inda direba ke kwanciya a kan tanki. Na san wannan a jikina. Shekarun baya na karɓi aron wani babban babur, na shiga da shi wani lungu a Birni, na zo kwana a kan rairayi a hankali, sai na taɓa birkin gaba. Tayar ta nutse, babur ya kwanta da ni, salansa mai zafi ta danne mini ƙwauri. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Tabon yana nan har yau, kuma a lokacin gudun da nake yi bai fi na mai tafiya da ƙafa ba.

Na uku, ka dubi hanyoyin da za ka bi kullum, ba waɗanda kake gani a bidiyo ba. Tayoyin babur na tsere kwalta mai tsabta suke so. Mu kuwa iska tana shimfiɗa yashi a gefen kwaltarmu, awaki suna tsallakawa, ga amalanke, ga yara, ga cunkoson Kasuwar Dole ranar Alhamis. Ko ka fita hanyar Mirriya ko ta Tanut inda ido ke gani da nisa, ka riƙe lissafi ɗaya: mai gudun kilomita 100 a awa yana cin mita kusan 28 a kowace daƙiƙa, kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai tsayar da kai yana ninkuwa sau huɗu.

Idan ka yi waɗannan ukun da gaskiya, za ka ga hawa-hawa ake yi. A Faransa, tun 2016, duk wanda ya ci jarrabawar tuƙin babur, komai shekarunsa, sai ya yi shekara 2 a kan wanda bai wuce ƙarfin doki 47 ba kafin a ba shi izinin hawa babba. Kai ma ka sa wa kanka wannan doka. Ka fara da 125 ko 150, ka shekara a kansa, domin ka ga damina da santsinta, ka ga hazon hunturu, ka ga zafin bazara. A cikin shekarar nan ka nemi fili mara mutane da sassafe. Ka jera duwatsu biyu ka riƙa zagaya su kamar kana rubuta 8, ba tare da sauke ƙafa ba. Ka koyi tafiya a hankali da kuloci da birkin baya. Sa'an nan ka koyi tsayawar gaggawa: ka zo da gudun kilomita 30 a awa, ka matsa birkin gaba sannu-sannu kana ƙarawa kamar mai matse lemun tsami, tare da na baya. Birkin gaba shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa a kan kwalta, amma fizgarsa lokaci guda ita ce ke kayar da mutane. In 30 ta zauna a hannunka, ka koma 50. Bayan haka ne za ka duba matsakaici, 250 zuwa 400 cc, kamar Kawasaki Ninja 400 mai ƙarfin doki wajen 45, kuma ka fifita mai ABS, na'urar da ke hana taya cijewa.

Kafin ka biya kuɗin kowane babur, ka ware na hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da permi da inshora. Silifas ba kayan tuƙi ba ne.

Akwai kuma ɗawainiyar da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Injin tsere da ruwa yake hucewa, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tafiyar cunkoso tana gasa shi, tana gasa cinyoyinka. Man kwalba na bakin hanya, in da ƙura ko gauraye a ciki, yana toshe masa hanyar mai. Ka tambayi bakanikenka tun yanzu ko ya taɓa buɗe irinsa, kuma daga ina kayan gyara za su zo. In na hannu ne, ka duƙa ka karanta lambobi huɗu da ke jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya takan bushe ko da zanenta bai cinye ba.

Ɗan yayata ya sayi 150 da hular kwano, ya ajiye sauran kuɗin. Ranar Lahadi da safe nakan bi shi fili, in tsaya a gefe ina ƙirga masa taku nawa ya ci kafin ya tsaya.