Hannun jarinka na kamfanin fasaha ya faɗi: ka riƙe ko ka sayar?

Da farko ka manta da farashin da ka saya. Na san da wuya, amma kasuwa ba ruwanta da nawa ka biya. Maganar nan ta "bari ya dawo in cire uwar kuɗina" ta cuci mutane ba kaɗan ba. Wanda ya sayi hannun jarin Cisco, kamfanin na'urorin haɗa intanet, a watan Maris na 2000, sa'ad da ya kai kusan dala 80, ya shafe fiye da shekara 20 bai sake ganin wannan farashi ba. Ga shi kuwa kamfanin bai mutu ba, yana ta cin riba. Da tsada aka saye shi tun farko.

Ni tambayar da nake yi ita ce: da a ce kuɗin nan suna hannuna yau, zan sayi wannan kamfani? In amsar a'a ce, to me nake riƙe da shi?

Kafin ka amsa, ka bambance faɗuwar farashi da faɗuwar sana'ar kanta. Amazon ya zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari tsakanin ƙarshen 1999 da 2001, amma cinikinsa kowace shekara ƙaruwa yake. Nokia fa? A 2007, shekarar da iPhone ta fito, kusan kashi 40 cikin ɗari na wayoyin da ake sayarwa a duniya nasa ne. Mu nan muna ta sayen mai tocila, wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai rantse kamfanin nan ba ya gushewa. Can kuwa, a shekarun da suka biyo baya, masu sayen waya mai tsada suka koma iPhone da Android. A 2013 Nokia ya amince ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa. Saboda haka kada ka auna kamfanin duniya da abin da kake gani a kasuwarku.

Ka buɗe rahoton da kamfanin ke fitarwa duk wata uku, kyauta ne a shafinsa. Duba ciniki na hawa ko sauka, a jere, ba na wata uku kaɗai ba. Duba tsabar kuɗin da ke hannunsa da bashin da ke kansa. Sa'ad da Intel, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya sanar a Agustan 2024 cewa ya dakatar da raba riba kuma zai sallami kusan kashi 15 cikin ɗari na ma'aikata, farashinsa ya faɗi da kusan kashi 26 a rana guda. Irin wannan sanarwa a zauna a karanta ta, ba a kawar da kai.

Mai kiyaye halal kuma ya lura: ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ya ce bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani a kasuwa. Farashi na sauka, kason bashin na hawa, ko da ba a ciyo sabo ba.

Lissafinka ka yi shi da dala, domin faɗuwar naira tana iya ɓoye maka asara. In kuɗin haya ne ko na makarantar yara ka zuba, fitar da su, ba kuɗin jira ba ne. In kuma zuciyarka ta rabu biyu, sayar da rabi, sannan ka rubuta a takarda abin da in ka gan shi a rahoto biyu masu zuwa za ka saki sauran.