Yadda Za Ka Gane Ko Fetur Ne Ya Ɓata Maka Mota Ko Laifin Inji Ne

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai a Najeriya, kowace lita ta zama abin lissafi, kuma da zarar mota ta fara shaƙewa ko jijjiga, abin da mai ita ke fara cewa shi ne an sayar masa da gurɓataccen fetur. Zargin yana da tushe, domin a watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, har dogayen layuka suka dawo gidajen mai a Legas da Abuja. Sai dai sau da yawa fulogi ne ya ƙone ko famfon mai ya gaji, fetur kuma ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Saboda haka kafin ka zubar da man da ke tankinka, ko ka bar makanike ya fara canje-canjen kaya bisa hasashe, ka bi matsalar daki-daki.

Ka fara da tambayar kanka yaushe abin ya soma. Idan motar tana lafiya lau, ka sha mai, bayan 'yan kilomita kaɗan ta fara tari, tana mutuwa a silo, ko ka taka totur ta ƙi amsawa, to fetur ne abin tuhuma na farko. Idan kuwa ƙarfinta ya daɗe yana raguwa a hankali, mako bayan mako, ko da a ina ka sha mai, ka duba fulogi da kwil da nozul, sannan matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri a wannan yanki namu.

Gwajin man kansa ba ya bukatar komai sai kwalba mai haske da farar takarda. Ka sa makanike ya zuƙo kaɗan daga bututun da ke kai mai inji, a zuba a kwalbar, a ajiye ta a inuwa nesa da wuta da masu shan taba kamar minti goma sha biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka in yana ciki za ka ga ya kwanta a ƙasa, da layi ƙarara tsakaninsa da man. Na taɓa ganin wannan a tawa motar bayan na sha mai a wani gidan mai na bakin hanya da damina: ruwan da ya kwanta ya kai kaurin yatsa, tsatsa na yawo a cikinsa kamar garin barkono, alhali saura kaɗan in biya kuɗin sabon famfo. Daga nan ka ɗiga man a kan takardar. Fetur mai kyau yana bushewa nan take bai bar tabo ba, amma wanda aka haɗa da kananzir ko man dizal yana barin maiƙo. Metanol kuwa barin fetur yake ya haɗe da ruwa: ka zuba ruwa kaɗan a kwalba, ka yi alama daidai inda ya tsaya, ka ƙara fetur a kai, ka girgiza, ka bari ya lafa. In ruwan ya haura alamarka sosai, akwai irin wannan sinadari a cikin man.

Idan man ya tsallake gwaji, a jona motar da na'urar bincike, wadda ke nuna matsalar inji da lambobi. Lambar P0300 tana nufin silinda ba sa kama wuta yadda ya kamata, P0171 kuma iska ta rinjayi mai. Lambar tana nuna wurin da za a duba ne kawai, ba ta faɗin abin da za a saya, kuma a ganina makaniken da ya ce famfo ya mutu ba tare da ya auna ƙarfin turinsa ba bai gama aikinsa ba.

Kwatanta gidajen mai shi ne inda mutane suka fi yin kuskure, domin da allurar tanki suke yanke hukunci, ita kuwa ba ta da daidaito. Ka cika tanki har bakin famfon gidan mai ya tsaya da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka ci gaba da zirga-zirgarka ta yau da kullum. Ranar da ka sake cikawa, ka raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. Misali kilomita 350 da lita 35 na nufin kilomita 10 a kowace lita. Ka maimaita sau biyu ko uku a kowane gidan mai kafin ka ce wannan ya fi wancan auki, tunda cunkoso, na'urar sanyaya mota da ƙarancin iskar taya duk suna ƙara shan mai. Ka kuma tuna cewa wani lokaci man ba shi da aibu, mudun ne bai cika ba, kuma jarka mai sanannen awo za ta raba gardama. Ka kasa kunne ga injin ma: ƙara mai kama da kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawan tudu na iya zama alamar man da ƙarfin oktan ɗinsa, wato juriyarsa ga matsin inji kafin ya kama wuta, ya yi ƙasa, kuma barinta ta daɗe yana cutar da fistin.

Man 'yan bumburutu ba ya kwatantuwa ta wannan hanya, saboda ba ka san asalinsa ba, kuma galan na yau ba shi ne na gobe ba. In dole ta sa ka saya, ka ɗaga galan ɗin ka duba ƙasansa a haske, a tace da kyalle mai tsabta a bakin mazurari.

Idan ta tabbata man ne, kada ka ci gaba da tuƙi da fatan zai ƙone ya ƙare. A sauke tanki a wanke shi, a canja matatar mai, a duba nozul. Ka adana rasit da samfurin man a kwalba mai murfi, domin da su za ka kai ƙorafi ofishin hukumar NMDPRA, wadda ke sa ido kan gidajen mai, a jiharka.