Yadda za ka hau doron Franconia a farkon bazara ba tare da sanyi ya kayar da kai ba

Duk shekara da zarar Yuni ta kama, ƴan uwanmu da ke Boston da New York sai su fara tambaya ta yaya ake zuwa duwatsun nan na jihar New Hampshire ta Amurka da muke ɗora hotunansu. To ga amsa, kuma zan fi tsayawa kan doron Franconia don shi na fi sani. Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai shi ne zafin da ka bari a wurin ajiye mota ba shi ne za ka tarar a sama ba. Ƙasa ana gumi, sama kuwa iska ce mai yanka kamar tsakiyar hunturu, wani lokacin ma ta fi. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 a ma'aunin Celsius, ka haɗa da iska da jiƙaƙƙiyar riga ka ga abun da zai biyo baya. Maƙwabcinsa Dutsen Washington, mai tsayin mita 1,917, a nan aka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa ɗaya a watan Afrilun 1934, ka ga ba wurin wasa ba ne.

Hanyar kanta zagaye ce ta kusan kilomita 14. Za ka bar mota a Lafayette Place bakin titin I-93, ka hau ta hanyar da ake kira Falling Waters zuwa ƙololuwar Little Haystack, daga nan ka bi doron dutsen ta ƙololuwar Lincoln har ƙololuwar Lafayette mai mita 1,600, sannan ka gangaro ta masaukin Greenleaf da hanyar Old Bridle Path. Ka hau ta Falling Waters ɗin, kar ka sauko ta nan, duwatsunta jiƙe suke saboda ruwan da ke zubowa kuma ana tsallake rafi fiye da sau ɗaya, a farkon bazara ruwan na ƙaruwa don dusar ƙanƙara na narkewa. A ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni za ka iya cin karo da ragowar ƙanƙara a cikin bishiyoyi inda rana ba ta kaiwa, don haka ƙarafunan nan masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi ka jefa su a jaka, ba su da nauyi.

Maganar kaya kuwa, don Allah ka bar auduga a gida. Karona na farko da rigar ƙwallo na je da wandon jins da singileti na auduga a ciki, na yi gumi sharkaf wajen hawa, ina fitowa daga bishiyoyi iska ta buge ni, minti goma ba a yi ba haƙorana suka fara kaɗawa, yatsuna suka ƙi buɗe zif ɗin jaka sai da wani dattijo Bature ya buɗe min ya ba ni safar hannunsa. Tun ranar ban ƙara ba. Ka sa riga mai saurin bushewa, ka riƙe suwaita mai kauri da rigar ruwa da hular sanyi da safar hannu, ko da gari ya waye tas. Tocilan ta goshi, taswirar takarda don sabis na ɗaukewa kuma sanyi na cinye batir, ruwa lita 2 zuwa 3, da dabino da gyaɗa a aljihu inda hannu zai kai ba sai ka sauke jaka ba. Ga kuma wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje na Yuni masu cizo bayan kunne, ka sayi maganinsu.

Kafin ka fito, ka duba hasashen yanayi na ƙololuwar duwatsu da cibiyar nazarin yanayi ta Mount Washington Observatory ke fitarwa, hasashen gari na wayarka ba zai gaya maka komai kan sama ba. Ka yi sammako, hadari ya fi taruwa da rana zuwa yamma, kuma tsakanin Little Haystack da Lafayette kusan kilomita 3 ne babu bishiya babu mafaka, kai ne abu mafi tsawo a wurin. In ka ji tsawa kana bakin bishiyoyi to ka juya kawai, dutsen na nan mako mai zuwa. In hazo ya rufe, ka bi tulin duwatsun da aka jera a matsayin alama ɗaya bayan ɗaya, kar ka bar na baya sai ka hango na gaba. Kuma ka tsaya kan hanya, ƴan fararen furannin da ke fitowa a Yuni shekaru suke ɗauka kafin su girma, takawa ɗaya ta gama da su.

In kwana za ka yi, ba a kafa tanti a saman inda bishiyoyi suka ƙare, doka ce. Akwai wurin tanti na Liberty Spring, ko ka kama gado tun da wuri a Greenleaf na ƙungiyar masu hawan dutse ta AMC (Appalachian Mountain Club) inda ake ba da abincin dare da na safe a lokacin bazara, ka gaya musu abun da ba ka ci tun wajen yin rajista. Abincinka kar ya kwana cikin tanti saboda dabbar beya, akwai akwatin ƙarfe da ake sawa. Ka sanar da wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin dawowa, kuma ka sani jihar na iya cajin mutum kuɗin ceto in aka ga sakaci ya yi.

Sallah kuma ba ta da wuya, rana doguwa ce, magariba sai bayan takwas. Ni nakan yi alwala a rafin ƙasa, in shimfiɗa rigar ruwa kan faffaɗan dutse in fuskanci arewa maso gabas, amma fa sai na danne gefunanta da duwatsu huɗu, in ba haka ba iska ta tafi da ita tun kafin ruku'u.