Kafin ka kawo mini CV in buga maka

Shekara bakwai ke nan ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a Yelwa, kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a Bauchi. Da zarar an sallami 'yan bautar ƙasa, sai benci ya cika, kuma maganar ɗaya ce: "Malam, ga CV ɗin abokina, a cire sunansa a sa nawa." Na taɓa yi wa wani yaro haka, muka manta ba mu canja lambar waya ba. Aka kira intabiyu, abokin ya ɗauka, bai tuna ya faɗa masa ba sai da ranar ta wuce. Tun daga nan na daina.

Ɗan'uwa, shafi ɗaya ya ishe ka. A sama ka sa suna, lambar da kullum take kunne, da imel mai ɗauke da sunanka na yanka, ba laƙabin da ake kiranka da shi a majalisa ba. Sai karatu: fara da digiri, ka gangaro sakandare. Addini da ƙabila ka bar su, sai in an tambaya. Aikin gwamnati ne ya fi neman jiha da ƙaramar hukuma.

Inda ake kai ruwa rana shi ne wajen ƙwarewa. Kowa sai ya ce ba shi da ita. Ni kuwa sai in tambaya: ina ka yi SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai? Da ka gama mako uku a sansanin 'yan bautar ƙasa na Wailo, ina aka tura ka? Wata yarinya ta ce mini, "Koyarwa kawai na yi." Da na tona, ashe lissafi ta koyar wa 'yan SS2 su 60, kuma shekara uku ita ke riƙe da littafin cinikin shagon babanta a kasuwar Muda Lawal, har ta mayar da shi cikin Excel. Abin da muka rubuta ke nan, da adadinsa. "Mai ƙwazo, mai gaskiya" kuwa muka goge. Yabon kai jahilci, kuma ban taɓa ganin wanda ya rubuta cewa shi rago ne ba.

Wasiƙar da za ta raka CV kada ta wuce sakin layi uku. Faɗi gurbin da kake nema da inda ka ga tallarsa, ka ɗauko abu ɗaya da ka taɓa yi wanda ya dace da aikin, ka nemi a ba ka damar ganawa. Kowace ma'aikata da tata wasiƙar. Ban da labarin cewa kai maraya ne ko ƙanne sun yi maka yawa.

Malamin da za ka sa a matsayin mai tsaya maka, je ka gaishe shi ka nemi izini tukuna. Sannan ka tura takardun a PDF mai ɗauke da sunanka, ba hoton da ka ɗauka da waya a kan tabarma ba, har da babban yatsanka a gefe.